Tsofaffin harsasai a gonakin Kano da Jigawa: kayan tarihi a hannun manomi, makami a idon doka

A ƙauyukan da ke kewaye da tsofaffin garuruwa masu ganuwa a ƙasar Kano da Jigawa, yakan faru garma ta tono wani ɗan ƙarfe wanda ba shi da alaƙa da noma, ko kuma ruwan damina ya zaizaye bakin kwazazzabo ya bar shi a fili. Wani lokaci dunƙulen dalma ne da ya yi fari saboda daɗewa, wani lokaci kwanson tagulla ne da ya cika da ƙasa, jefi-jefi kuma a sami cikakken harsashi wanda ba a taɓa harbawa ba. Makomar irin waɗannan abubuwa a wajenmu sananniya ce: yara su yi wasa da su, daga bisani su faɗa buhun 'yan gwangwan a auna su tare da fasassun tukwane. A Turai da Amurka kuwa tara tsofaffin harsasan soja fanni ne mai zaman kansa, yana da ƙungiyoyi irin su International Ammunition Association da European Cartridge Research Association, yana da mujallu da tarukan baje koli. Tambayar da ta dace mu yi ita ce, wane ɓangare na wannan sha'awa ne zai amfane mu, wane ɓangare kuma zai jefa mutum a hannun hukuma ko a gadon asibiti.

Abin da ya sa masu wannan sha'awa suka fi mayar da hankali a kan shekarun da ke tsakanin 1866 da 1910 shi ne, a cikin wannan ɗan lokaci harsashi ya sauya kama sau da yawa, kuma kowane sauyi ya bar alamar da za a iya gani da ido. Kafin nan a mafi yawan rundunoni soja yana ɗura bindigarsa ta baki ne, kamar yadda maharbi yake ɗura bindigar toka har yau, ya zuba albarushi, ya cusa dalma, ya danna da sanda. A 1866 Ingila ta ɗauki tsofaffin bindigoginta na Enfield ta yanke musu gindi ta sa ƙofa, aka sami bindigar Snider mai faɗin baki .577 na inci, wato kusan milimita 15. Harsashinta, wanda Kanar Edward Boxer na ma'aikatar makamai ta Woolwich ya tsara, ba kwanso ɗaya ba ne da aka zuba, siririn fallen tagulla ne aka naɗe, aka lulluɓe da takarda, aka ɗora a kan gindin baƙin ƙarfe. Shi ya sa irinsa ba ya jure zaman ƙasa, domin takardar takan ruɓe, gindin ya yi tsatsa, abin da yakan saura shi ne ƙatuwar dalmar kaɗai.

A 1871 Ingila ta kawo bindigar Martini-Henry, kuma a nan ne bambanci tsakanin doguwar bindiga da gajeriya ya zama abin nazari. Doguwar ta sojan ƙasa ce. Gajeriyar, wadda ake kira karbin, an yi ta ne domin mahaya dawakai da masu harba igwa, waɗanda ba za su iya fama da doguwar bindiga a kan sirdi ko a gefen igwa ba. Kwanson harsasan biyu iri ɗaya ne, mai faɗin gindi da matsattsen wuya, amma da yake karbin ba ta da nauyi, idan aka sa mata cikakken harsashi takan naushi kafaɗar mai harbi ƙwarai. Saboda haka aka rage mata: dalmar doguwar bindiga tana da nauyin kusan giram 31 da albarushi kusan giram 5.5, ta karbin kuwa kusan giram 27 da albarushi kusan giram 4.5. Domin kada soja ya rikice, aka bambanta su da launin takardar da ake naɗe dalmar da ita, fara ga doguwar bindiga, ja ga karbin. Wannan ƙaramin bambanci yana da amfani ga mai binciken tarihi, domin ko takarda ta ruɓe, sikelin mai sayar da zinariya ya isa ya nuna irin harsashin da aka harba. Sai dai a yi hattara, da yake kwanson ɗaya ne, kowace bindiga cikin biyun tana iya cin harsashin 'yar'uwarta, don haka nauyin dalma yana bayyana harsashi ne, ba lalle ya bayyana wanda ya riƙe bindigar ba. Naɗaɗɗen kwanson ma bai daɗe ba, domin a yaƙin Sudan an koka da yadda yake maƙalewa idan bindiga ta yi zafi, sai aka fara yin kwanso tsayayye na tagulla zalla daga 1885.

Babban sauyi ya zo daga Faransa. A 1884 Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi, kuma a 1886 bindigar Lebel mai milimita 8 ta zama ta farko da wata rundunar soja ta yi amfani da shi, inda ta maye gurbin Gras mai milimita 11 ta 1874. Ingila ta bi baya da harsashin .303, wato kusan milimita 7.7, wanda ya fara da baƙin albarushi a ƙarshen shekarun 1880, sannan a farkon shekarun 1890 aka koma ga wani sinadari mai siffar siraran igiyoyi da ake kira kodait. Daga nan dalma ta daina fitowa tsirara, aka sa mata rigar jan ƙarfe da aka gauraya da nikel. Aka kuma dinga yi wa harsashin gyare-gyare ana ba kowanne lamba: na II mai zagayayyen kai da nauyin kusan giram 14, na IV da na V masu rami a baki, na VI a 1904, sai na VII mai tsini a 1910, mai nauyin kusan giram 11, wanda ya yi yaƙe-yaƙen duniya biyu. Tsofaffin bindigogin Martini da yawa an sauya musu bututu daga 1895 domin su ci sabon harsashin, kuma irin waɗannan ne aka fi turawa rundunonin ƙasashen da ake yi wa mulkin mallaka.

Yadda waɗannan kaya suka iso ƙasar Kano labari ne mai rassa. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a yarjejeniyar Barasal, babban birnin Beljiyam, wadda ta taƙaita sayar da bindigogin zamani da harsasansu a yankin Afirka da ke tsakanin layin taswira na 20 arewa da ikwaita da na 22 kudu da ita, amma ta bar ƙofa a buɗe ga bindigar ƙyastu da albarushin kasuwa. Ma'anarta a aikace ita ce, sarakunanmu su ci gaba da bindigar toka, Bature kuma ya riƙe mai ɗura ta gindi. Duk da haka wasu bindigogin zamani sun kutso ta hanyar fatake daga Tarabulus zuwa Agadas da Damagaram, wasu kuma ta wajen Rabe, wanda ya ci Barno a 1893 kuma ya riƙe ta har Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900. Matsalar mai irin wannan bindiga ita ce harsashi. Maƙerin gida yana iya narka dalma ya zuba, ana kuma haɗa albarushi a gida, amma kwanson tagulla da ɗan maɓallin da ke gindinsa, wanda allurar bindiga ke sara wuta ta tashi, ba a yin su a maƙerar gargajiya. Bindigar da harsashinta ya ƙare ta zama sandar ado kawai. Wannan ne ya sa a wuraren da aka yi Yaƙin Basasar Kano na 1893 zuwa 1895, irin su Takai da ta zama sansanin Yusufawa, wato ɓangaren Yusufu a yaƙin, ko a Gezawa inda Kanawa suka kara da Damagarawa zamanin Sarki Alu, abin da ya fi dacewa mutum ya sa rai da shi shi ne dunƙulen dalma da kan kibiya, ba kwanso ba. Idan kuwa aka sami kwanso a irin wannan wuri, to abu ne mai daraja, domin yana iya zama shaidar wancan fatauci na hamada. Haka nan a arewacin Jigawa, wajen Gumel da Maigatari, maƙwabtaka da Damagaram wadda Faransawa suka kama a 1899 ta sa ba za a yi mamakin ganin kwanson Gras ko na Lebel ba.

Ranakun da aka fi zubar da kwanso a ƙasar nan sanannu ne. A ƙarshen Janairun 1903 Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojoji sama da 700, da igwa 4 da bindigogin Maxim masu jigida guda 4. Bebeji ce ta fara tare shi, aka fasa ƙofarta da igwa, sannan a ranar 3 ga Fabrairu aka shiga Kano ta Ƙofar Kabuga alhali Sarki Alu yana kan tafiyarsa ta Sakkwato. Rundunar Kano da ke dawowa ta haɗu da Turawa a Kwatarkwashi a ƙarshen watan, inda Waziri Ahmadu ya rasu. Shekara uku bayan haka, a Afirilun 1906, Kanar Lowry Cole ya auka wa Haɗejiya, aka yi ta gwabzawa a cikin gari har ƙofar fada, aka kashe Sarki Muhammadu, wanda Haɗejiyawa ke kira Mai Shahada. Bindigar Maxim guda ɗaya tana iya tofar da ɗaruruwan kwanso a cikin minti ɗaya, kuma duka a wuri guda suke zuba, a gefen inda aka girke ta.

A nan ne kuma mutane suka fi yin kuskure. Duk wanda ya tsinci kwanson .303 a kusa da Bebeji zai so ya ce na yaƙin Nasara ne, alhali wannan harsashi ya shafe fiye da rabin ƙarni yana aiki a ƙasar nan. Da shi aka yi yaƙin Kamaru na 1914 zuwa 1916, da shi mazan jiya na runduna ta 81 da ta 82 suka je ƙasar Bama (Burma) a yaƙin duniya na biyu, shi ne a bindigar 'yan sanda da jama'a ke kira mak-fo, kuma ya ci gaba da yawo bayan soja sun koma ga harsashi mai milimita 7.62. Abin da ke raba gardama shi ne rubutun da ke gindin kwanso. Haruffan R da L da hoton kibiya a tsakaninsu suna nufin Woolwich, K tana nufin kamfanin Kynoch na Birmingham, C a tsofaffin kwansuna tana nufin kodait, lambar Romawa kuma ita ce ta gyaran da aka ambata. Sai wajen 1907 aka fara buga shekara a gindin .303 na soja, saboda haka kwanson da ke ɗauke da shekara, ko lambar VII, ba zai yiwu ya zama na Bebeji ko na Haɗejiya ba, komai daɗin labarin da aka gada a kansa. Ita ma shekarar, idan an same ta, lokacin ƙerawa take nunawa, ba lokacin harbi ba, domin akwati yana iya shekara 20 a rumbun makamai kafin a buɗe shi. Akwai kuma gwaji mai sauƙi na raba tsoho da na zamani: kwanson .303 yana da leɓe da ya ɗara jikinsa faɗi, tsawonsa milimita 56, na bindigar AK kuwa milimita 39 ne kuma leɓensa bai fito ba, tsagi ne kawai a gindi.

A ganina, kuma wannan ne jigon maganar, darajar tsohon harsashi a ƙasarmu ba a jikinsa take ba, tana wurin da aka same shi. Baturen da ke tara harsasai yana neman wanda bai yi ko ƙwarzane ba, ko wanda ke cikin ƙunshinsa na asali da tambarin ma'aikata, domin shi tarihin masana'anta yake bi. Mu abin da ƙasarmu ke fitarwa lanƙwasasshe ne, mai tsatsa, wanda ba zai yi kuɗin kirki a kowace kasuwa ba, amma yana iya faɗin abin da babu shi a takarda. An ga misalin haka a Amurka, a filin yaƙin Little Bighorn na 1876. Bayan gobarar daji ta share ciyawar wurin a 1983, masu binciken kayan tarihi sun bi filin a 1984 da 1985 suna rubuta wurin da kowane kwanso ya kwanta, sannan suka duba sarar allura a gindinsa da madubin ƙara girma. Da yake kowace bindiga tana barin tata irin sarar, sun iya bin sawun bindigogi ɗaiɗaiku daga wannan tudu zuwa wancan, kuma sakamakon ya goyi bayan abubuwa da yawa da 'yan asalin ƙasar suka daɗe suna faɗa da baki.

Irin wannan aiki muke buƙata. Mafi yawan abin da aka rubuta game da 1903 da 1906 daga rahotannin hafsoshin da suka ci yaƙin ya fito, su kuwa suna rubuta wa manyansu ne a Landan, suna da dalilin rage wani abu da ƙara wani. A ɗaya gefen akwai labaran baka da waƙoƙi, waɗanda su ma suna da nasu son rai. Kwanso ba ya goyon bayan kowa. Tarinsa a wuri guda yana nuna inda aka girke Maxim, jerinsa yana nuna inda sojoji suka yi sahu, dalmar da ta baje a gindin ganuwa tana nuna inda aka nufa da wuta, dunƙulen bindigar toka kuma yana nuna inda mutanen gari suka tsaya da nisan da harbinsu ya kai. Har da wata tambaya mai nauyi: a 1899 taron ƙasashe a birnin Heg na Holan ya haramta harsashin da ke buɗewa a jikin mutum, irin wanda ya samo suna daga ma'aikatar Dum Dum ta kusa da Kalkata a Indiya, amma Ingila ba ta amince da wannan sashe ba sai 1907. Siffar kan harsasan da ke kwance a Bebeji da Haɗejiya, da lambobin da ke gindin kwansunansu, za su iya nuna irin wanda aka harba wa kakanninmu. Da zarar an kwashe su an haɗa a gwangwani ɗaya ba tare da an rubuta inda kowanne ya fito ba, duk wannan bayani ya tafi ke nan.

Sai batun doka, wanda shi ne ya sa ba za a kwaikwayi Turawa kai tsaye ba. Dokar makamai ta Najeriya, wadda asalinta na 1959 ne, ta kasa bindigogi gida uku: haramtattu waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, na amfanin kai waɗanda ke ƙarƙashin Sufeto Janar na 'yan sanda, da masu ɗura ta baki waɗanda ke ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Bindigar soja mai .303 tana cikin rukunin farko, an ambace ta da lambarta. Dokar ta hana riƙe harsashi ba tare da lasisi ba, kuma ma'anar da ta ba harsashi ta haɗa da sassansa, ba ta kuma ware tsoho daga sabo ba. Ko a Ingila, inda aka yarda mutum ya ajiye tsohuwar Snider ko Martini-Henry a matsayin kayan ado ba tare da lasisi ba, wannan sassauci bai shafi harsashi mai rai ba. Idan aka haɗa wannan da halin tsaron da Arewa ke ciki, inda ake kama masu safarar harsasai ga 'yan bindiga, za a gane cewa wanda aka tsayar a shingen bincike da harsasai a aljihu zai sha wuyar gamsar da kowa cewa shi mai son tarihi ne. Ta ɗaya ɓangaren kuma, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana haƙa domin neman kayan tarihi, da cinikinsu, da fitar da su waje ba tare da izini ba.

Haɗarin jiki shi ma ba ƙarami ba ne. Baƙin albarushi ba ya mutuwa don tsufa muddin bai jiƙe ba, kodait kuwa zafi yana lalata shi ya sa ya zama marar tabbas, mu kuma ɗakunanmu na kwano sun san zafin bazara. Harsashi mai rai idan ya faɗa wutar maƙera ko ta masu narka ƙarfe yakan fashe ya watsa tagulla a fuska. Wanda ya fi wannan muni shi ne harsashin igwa da bai tashi ba, wanda bai kamata a taɓa shi ko a matsar da shi ba sam, sai dai a sa alama a sanar da mai unguwa da dagaci, su kai magana ga 'yan sanda masu kwance bam. Farin garin da ke kan tsohuwar dalma guba ne, kuma wanda ya tuna yadda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba zai bar yaro ya sa irin wannan a baki ba. Ko kwanson da babu komai a cikinsa yana da nasa sharuɗɗan ajiya. Sojojin Ingila a Indiya sun lura kwansunansu suna tsagewa a lokacin damina, sai a 1921 aka tabbatar da cewa iskar da ke tashi daga fitsarin dawakai a barga ce ke cin tagullar, don haka ajiye shi kusa da turke ko garke lalata shi ne. Goge shi da toka ko lemon tsami domin ya yi ƙyalli kuwa yana share sarar allura da rubutun gindi, wato ainihin abin da ake nema.

Abin da ya rage wa mai sha'awa a Kano ko Jigawa shi ne ya tara bayani maimakon ƙarfe, kuma wayar hannu ta sauƙaƙa wannan. A ɗauki hoton abin a inda yake kwance kafin a motsa shi, a ɗauki hoton gindinsa da haske daga gefe domin haruffa su fito, a ajiye ma'auni a kusa da shi, a rubuta sunan gari da gonar da nisanta daga ganuwa ko ƙofa, da zurfin da aka same shi, da abin da dattawan wurin ke faɗa game da filin. Idan mai rai ne, hukumar tsaro ce mai shi. Idan fanko ne ko dalma, gidan tarihi irin Gidan Makama ne ya dace ya karɓa ya ba shi lamba, ta hannun hakimi ko masarauta domin a sami shaidar yadda ya fito. Sassan nazarin tarihi na jami'o'inmu suna da rawar takawa, musamman ganin cewa Jami'ar Bayero tana daf da Kabuga, Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa kuma tana cikin masarautar Haɗejiya. Lokaci ne kawai ba ya jira, domin filayen da ke wajen ganuwar Kano gine-gine sun riga sun cinye su, taraktoci suna juya ƙasa fiye da yadda garmar shanu ke yi, kuma tagulla tana cikin ƙarafan da 'yan gwangwan suka fi saye da tsada. Bebeji da bayan garin Haɗejiya da tsofaffin sansanonin Basasa su ne wuraren da har yanzu akwai gonaki a kan filin daga, kuma daga can ya kamata a fara.